Masu Ɗaga Hannun Hagu

Jirja, 16 ga Fabrairu, 1997

Zuwa ga Kawu Abdurradi Hammam, kasuwar kifi, Suwais.

Assalamu alaikum, Kawu. Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da gwiwar da Mama ta ce tana tasar maka duk lokacin sanyi. Mu nan ƙalau muke, sai dai Mama da hawan jininta. Likita ya hana ta gishiri, ita kuwa ta ce likitan bai taɓa cin wake lami ba, shi ya sa bakinsa ya iya faɗa.

Wataƙila ba ka gane mai rubutun ba. Tahani ce, 'yar Fatahiyya, jikar baffanka. Rabonka da ni tun ina aji uku, ranar da ka zo ta'aziyyar Kaka, ka tambaye ni bakwai sau takwas, na fashe da kuka na shige bayan tanda.

Kawu, albishirinka. Shekarar ƙarshe nake a tsangayar ilimi, sashen da ke fitar da malaman firamare da ƙaramar sakandare. Duk abin da aka gindaya kafin a ba mutum digiri na yi shi: Larabci, lissafi, kimiyya, halayyar yara, hanyoyin koyarwa, tsara manhaja, auna fahimta, har da kiwon lafiyar makaranta. Ban taɓa faɗuwa ko ɗaya ba. Abu ɗaya ya rage, koyarwar gwaji. Kowace Laraba ina shiga aji biyar a wata firamare bayan tashar jirgi, yara hamsin da takwas. Ranar Laraba 26 ga Maris, Dakta Insaf, malamar da ke duba mu, za ta zo ta zauna a bayan aji ta kalli darasina na ƙarshe. Wanda ya faɗi wannan ba shi da gyara, sai dai ya maimaita shekara sukutum. Darasin da ya faɗo mini shi ne tara rabi da sulusi da ire-irensu.

Da na gaya wa Mama sai ta ajiye ludayi ta ce, "Rubuta wa Yaya Abdurradi. Shi ne ya koya wa jakin Jirja lissafi." Na ce wane jakin, ta ce babanki.

Don Allah, Kawu, idan littafin shirin darasinka na dā yana nan, ka aro mini. Idan babu, ko shawara ce ka ba ni. Na matsu ranar nan ta zo.

'Yarka,
Tahani

Suwais, 27 ga Fabrairu, 1997

Wa'alaikumus salam, 'yar Fatahiyya.

Takardarki ta iso. Gwiwa tana nan, ita kaɗai ce abin da na kawo daga Jirja bai rabu da ni ba. Ki gaida uwarki, ki ce ta bi likita. Bakwai sau takwas hamsin da shida ne, idan har jami'a ba ta canza shi ba.

Na karanta jerin darussanki sau biyu. Kiwon lafiyar makaranta. Madalla. A makarantar da na yi shekara ashirin da shida, famfo ɗaya ne ga yara ɗari bakwai, ban san a wane shafi aka rubuta muku wannan ba.

Tunda uwarki ta ba ki rabin labarina, bari in cika miki. Shekara biyar na yi a makarantar horon malamai, na fita na ɗaya a lardinmu gaba ɗaya, aka kira sunana a gaban mahaifina. A lokacin difloma takarda ce da ake sa wa gilashi a rataye a ɗakin baƙi. Ana nan sai masu zama a ofis suka wayi gari suka ce malamin firamare ba malami ba ne sai da digiri. Aka ce mu tsofaffi mu riƙa zuwa aji da la'asar mu cike giɓinmu. Na je, mako biyu. Wani saurayi da bai taɓa tsayawa gaban yara sittin ba ya karanto mana yadda ake riƙe alli. Shekarar da ta biyo aka ɗora mini shugaban sashen lissafi, yaron da ni na goge masa majina a aji ɗaya. Ya buɗe littafin shirin darasina ya sa jan biro, ya ce ban rubuta manufa iri uku ba. Ranar na ajiye alli. Yanzu ina tsaye bayan sikeli daga asuba zuwa azahar, kifi bai taɓa tambayata takarda ba.

Littafin da kike nema babu. Na bar shi a kan teburin yaron nan da jan bironsa.

Shawara kuma, ga wadda na ga tana kai mutane gaba. Ki koyar da darasin tun ranar Talata, ki maimaita shi har ya zama karatun aku. Sannan ki ce wa yara, gobe idan baƙuwa ta zo kowa ya ɗaga hannu a kowace tambaya, wanda ya sani ya ɗaga dama, wanda bai sani ba ya ɗaga hagu. Ke kuma ki riƙa zaɓen dama. Mai dubawa zai ga daji na hannuwa, ya rubuta cewa aji yana da rai. Duk waɗanda na san sun yi haka yau shugabannin makarantu ne, wasu sufetoci. Ni da na ƙi, ga ni ina wari.

Allah ya ba ki digirinki.

Kawunki,
Abdurradi

Jirja, 9 ga Maris, 1997

Assalamu alaikum, Kawu.

Muna lafiya, Mama ta rage gishiri kwana biyu ta koma. Tana gaishe ka, ta ce ka riƙa shafa man zaitun mai ɗumi a gwiwar.

Kawu, Allah ya saka da alheri. Na karanta takardarka a tsaye a bakin ƙofa, ban ko cire takalmi ba. Abin da aka yi maka ya sa ni hawaye. Amma na gane abin da kake nufi, kana so kada in yi taurin kan da ya cuce ka. Wallahi shekara huɗu a jami'a babu wanda ya faɗa mana dabara irin wannan, sai wanda ya daɗe a cikin aji.

Har na fara. Larabar da ta wuce na roƙi Ustaz Milad, mai ajin, ya bar mini su bayan hutun tara. Na bayyana musu, suka ɗauka wasa ne, suka yi ta murna. Matsalar kawai wasunsu ba su rarrabe dama da hagu idan sun ruɗe, sai na ce dama ita ce ta wajen ƙofa, hagu ta wajen taga. Muka gwada sau goma. In ka ga ajin, Kawu, hannuwa kamar gonar rake. Ustaz Milad ya leƙo ya girgiza kai ya ce, "Ustaza, wa ya ba ki wannan tsohon makami?" Na ce gado ne a gidanmu.

Zan ƙara shiga ranar Talata 25 ga wata in maimaita musu darasin, kamar yadda ka ce. Na ɗinka sabuwar riga ruwan toka, Dakta Insaf ba ta son launi mai ihu. Idan na samu maki mafi girma a nan, sunana zai shiga goman farko, kuma su ake fara turawa makarantun cikin gari.

Ka yi mini addu'a ranar.

'Yarka,
Tahani

Suwais, 22 ga Maris, 1997

Tahani,

Lafiyata ƙalau, ki gaida uwarki, ba ni da lokacin dogon gaisuwa. Takardarki ta kwana shida ƙarƙashin gwangwanin sukari a shagon shayin Shalabi, inda ɗan wasiƙa yake ajiye mana saƙo. Jiya ya tuna. Na ce, "Shalabi, Allah ya isa." Ya ce, "Ustaz, wa ya taɓa rubuto maka sau biyu a wata ɗaya? Na ɗauka kuskure ne."

Kada ki yi abin nan. Kin ji ni? Kada ki yi. Ba shawara na ba ki ba, ɗacin bakina ne na tofar a takarda, na manta cewa wadda za ta karanta ba ta san ni ba. Ni ban taɓa nadamar ƙin yin sa ba. Na ga ana yi a ajin da ke jikin nawa shekara da shekaru. Yaron da aka ce ya ɗaga hagu, an gaya masa ke nan cewa shi ado ne a ajin, kamar taswirar bango. Yaro ba ya manta wannan.

Ga shawarar gaskiya, ki karanta da kyau. Ki sa uwarki ta gasa miki gurasa huɗu masu faɗi ɗaya, zagayayyu sosai. Ki shiga aji da su da wuƙa, kada ki koyar da komai kafin ranar. Ki rubuta rabi a tara da sulusi, ki tambaya. Za su ce biyu bisa biyar. Kullum haka suke cewa, su tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Kada ki ɓata fuska. Ki rubuta amsarsu da manyan baƙi, ki ce madalla, mu gani. Ki raba gurasa ɗaya biyu, ki miƙa wa yarinya ɗaya rabi. Ki yanka wata gida biyar, ki ɗauki yanka biyu ki ɗora a kan rabin nan, kowa ya ga bai rufe shi ba. Sai ki ce, "Rabi gare ta, na ƙara mata sulusi, abinta ya ragu. Wane ne ɓarawon a ajin nan?"

Za su yi dariya, sannan za su yi shiru. Wannan shirun shi ne darasin, kada ki cika shi da surutu. Ki ba su sauran gurasar ki ce su nemo yankan da rabi zai yarda da shi, sulusi ma ya yarda. Za su gwada huɗu, ya ƙi. Za su gwada biyar, ya ƙi. Kada ki ce shida. Ko harshenki zai tsinke kada ki ce shida. Wani zai faɗa, kuma sau da yawa ba wanda kike tsammani ba ne, wani ne can baya da kowa ya sallama.

Rabon da in rubuta irin wannan shekara bakwai. Yanzu zan kai ta gidan waya da kaina in sa mata tambarin gaggawa. Kwana huɗu ya kamata ya isa. Ki rubuto mini ranar Laraba da kin fito daga aji.

Kawunki,
Abdurradi

Suwais, 2 ga Afrilu, 1997

Assalamu alaikum, 'yata.

Ina lafiya. Ina fata ku ma haka.

Mako guda ke nan da Larabar. Kullum sai na ɗaga gwangwanin sukarin Shalabi da hannuna, har ya ce zai fara sa ni wanke kofuna. Idan takardata ta iso a kan lokaci, layi ɗaya ya ishe ni. Idan ba ta iso ba, ki faɗa mini abin da ya faru yadda ya faru, kada ki tausaya mini. Idan kuma fushi kike yi, kina da gaskiya, amma ki sa uwarki ta rubuto.

Kawunki,
Abdurradi

Jirja, 3 ga Afrilu, 1997

Assalamu alaikum, Kawu.

Jikinmu lafiya. Ka yi haƙuri da shiruna, kwana uku ban fita ɗaki ba, sauran kwanakin kuma ban san ta inda zan fara ba. Takardarka ta gaggawa ta iso ranar Alhamis da hantsi, kwana ɗaya bayan an gama.

Ga yadda aka yi. Dakta Insaf ta zo, ta matse a bencin yara na ƙarshe da jakarta a cinya. Minti ashirin na farko babu abin da ya fi su kyau. Ina tambaya, hannu hamsin da takwas yana tashi, ina zaɓen dama, amsa tana fitowa kamar an danna rediyo. Har na fara tunanin goman farko. Sai ta miƙe ta ce, "Ustaza Tahani, ara mini allin nan." Ta rubuta rabi a tara da rubu'i. Hannuwa suka tashi. Ta nuna wata yarinya a gefen taga, Karima sunanta, babanta mai gyaran keke ne.

Karima ta miƙe ta duba bayanta, ta ce, "Ni, Dakta? Ai hagu na ɗaga."

Wani daga baya ya ce, "Wallahi hagu ta ɗaga, na gani."

Dakta ta ce, "To hagu me take nufi, 'yata?"

Karima ta ce, "Mu ba a kiranmu."

Kawu, da ƙasa ta tsage da na gode mata. Dakta ba ta ko kalle ni ba. Ta ce duk wanda yake ɗaga hagu tun safe ya tashi tsaye. Talatin da ɗaya suka tashi. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta rubuta sunayensu.

A ofis ta ce, "Wa ya koya miki?" Na ce babu kowa. Ta ce, "Shekara goma sha tara ina zama a bayan aji, kina tsammani ban san hannun da ya sani ba? Shi kaɗawa yake yi, ɗayan kuwa tsayawa yake kamar sanda. Sifiri ya kamace ki, ki dawo baɗi." Na ce haka ne. Ta daɗe tana kallon takardar makin, sannan ta ninke ta ta sa a jaka ba ta rubuta komai ba. Ta ce, "Ranar 23 ga Afrilu, bayan Sallah, zan dawo. Ba zan kalle ki ba, ba zan kuma tambayi kowa ba sai waɗannan talatin da ɗayan, da lambobin da ni na zaɓa. Idan sun iya kin wuce. Goman farko kam ki manta da shi."

Na yi fushi da kai kwana biyu, ba zan ɓoye ba. Sannan na sake karanta takardarka ta farko, na ga ni ce na karanta abin da nake so in ji. Ustaz Milad ya ba ni darasi ɗaya kullum har ranar. Jiya na shiga da gurasa. Kawu, sun ce biyu bisa biyar, daidai yadda ka faɗa, har na kusa yin dariya. Da na tambayi ɓarawo suka nuna juna. Shirun ma ya zo. Sai dai na kasa, na ce shida da bakina. Yau zan sake da rubu'i da sulusi, na yi alkawari zan ciji harshe.

Mama ta ce in gaya maka, gurasar gidanmu ta riga 'yarta shiga aikin gwamnati, kuma idan ta gan ka akwai magana.

'Yarka,
Tahani

Suwais, 11 ga Afrilu, 1997

Wa'alaikumus salam, 'yata.

Lafiya lau nake, gwiwar ma ta yi sauƙi, ko kuma na daina kula ta. Barka da Sallah tun kafin ta zo. Ki ce wa uwarki na karɓi laifina, ta tanadi maganar, ta kuma ci gaba da gashi.

Ki yafe mini. Tsoho ya kamata ya san inda zai zubar da ruwan wankinsa. Maganar Karima ta hana ni auna kifi daidai yini guda. Ita kuma Daktar taku, ban so in yarda ba, amma malama ce. Ban san akwai irinta a can ba.

Yanzu aiki. Kwana goma sha biyu gare ki, a cire na Sallah. Kada ki ware talatin da ɗayan nan gefe guda, sun gaji da warewa. Ki cuɗa su da sauran, uku uku, ki ba wanda bai iya ba wuƙar, wanda ya iya kuma a hana shi magana sai an tambaye shi. Bayan kwana uku ki janye gurasa, su zana ta a allo. Bayan kwana biyu ki hana zanen, su gan ta a kai. Kada ki maimaita lamba ɗaya sau biyu. Kuma kafin kowa ya faɗi amsa ya tambayi kansa, ta fi rabi ko ba ta kai ba? Wannan tambayar kaɗai tana kama ɓarawo.

Na gwada a kan Shalabi. Na ce rabin kilo da sulusin kilo, ya ce, "Kilo ba sudusi, Ustaz, kana raina mini hankali ne?" Na rubuta masa a takarda, ya yi gumi ya ce biyu bisa biyar. 'Yan dako suka yi ta yi masa dariya, sai na juya kansu, babu wanda ya tsira.

Na yi tunanin hawa jirgi in zo, na fasa. Idan na shiga ajin nan sai na ƙwace allin, kuma ba ni za a ba digiri ba.

Kawunki,
Abdurradi

Jirja, 23 ga Afrilu, 1997

Assalamu alaikum, Kawu.

Kowa lafiya, an yi Sallah lafiya, Mama ta ci nama da gishirinsa. Daga makaranta nake, ko rigar ban cire ba, alli duk a hannuna, ka yi haƙuri da tabon da ke takardar.

Na wuce, Kawu. Na wuce!

Dakta ta zo da jerin sunayenta. Ta ce in tsaya a bakin ƙofa in sa hannuwana a baya, idan na yi tari ma ta rubuta sifiri. Ta ce wa yara yau babu ɗaga hannu, suna za ta kira. Ta kira tara cikin talatin da ɗayan, ɗaya bayan ɗaya zuwa allo, kowa da lissafinsa.

Karima ce ta huɗu. Aka ba ta rabi da humusi. Ta ɗauki alli ta rubuta biyu bisa bakwai. Na damƙe hannuwana a baya. Wata a gaba ta toshe bakinta da hannu biyu don kada amsa ta kuɓuce mata. Karima ta juya za ta ajiye alli, sai ta tsaya. Ta sake kallon allon ta ce, a hankali amma kowa ya ji, "A'a, wannan ai bai kai rabi ba." Ta goge da hannun riga. Ta zana gurasa, karkatacciya, ta raba shida, ta ga humusi ya ƙi. Ta goge. Ta gwada takwas. Dakta ta duba agogo, ban san minti nawa ba, a wurina shekara ce. Sai ta raba goma, ta ƙirga da yatsa, ta rubuta bakwai bisa goma.

Dakta ta ce, "Kin tabbata?"

Karima ta ce, "Ki auna da kanki, Dakta."

Ustaz Milad da ke leƙe ta taga sai da ya bar wurin don dariya.

Shida suka samu, uku suka rasa. A ofis Dakta ta fito da takardar nan da ta ninke, ta rubuta maki mafi ƙanƙanta da ake wucewa da shi, ta nuna mini. Ta ce, "Wannan na ranar farko ne. Abin da na gani yau ba shi da gurbi a takardar." Ta tambayi inda na samo maganar ɓarawo, wannan karon na faɗi sunanka. Ta ce ba ta san ka ba, ta tambayi jami'ar da kake koyarwa. Na ce kasuwar kifi.

Saura jarrabawar rubutu a watan Yuni, ita ba ta ba ni tsoro. Da makin nan ba za a bar ni cikin gari ba, ƙauye za a tura ni, wataƙila can gefen dutse. Mama tana kuka tana guɗa, ban san wanne ya fi yawa ba.

'Yarka,
Tahani

Suwais, 1 ga Mayu, 1997

Wa'alaikumus salam, Ustaza Tahani.

Lafiya ƙalau. Alhamdu lillahi. Na karanta takardarki a shagon shayi da ƙarfi, sau biyu, na biyun saboda Shalabi ya ce bai ji wurin da yarinyar ta goge allo ba. Ki rungume uwarki, ki ce ta bar kukan ƙauye, a can ma yara ne.

Digirin nan har yanzu ina nan a kan bakata game da shi. Amma ki karɓe shi, ki sa masa gilashi, kin biya shi da fuskarki.

Sai dai kin yi mini rowa a wuri ɗaya. Shafi guda kika ba Karima, su ukun kuma kika ce sun rasa, kika wuce. Su wane ne? Wane lissafi aka ba kowannensu, me ya rubuta, a ina ya tsaya? Ba rashi ɗaya suka yi ba, kowa da inda ya karkace, kuma an kusa rufe makarantu. Ki roƙi Ustaz Milad ya ƙara miki Laraba biyu. Ki rubuto mini amsoshinsu lamba da lamba, har da abin da suka goge idan kin tuna, ki sa tambarin gaggawa. Na gaya wa ɗan wasiƙa ya riƙa kawo mini har bakin sikeli.

Kawunki,
Abdurradi